Babi na Uku: Ina Ake Ƙera Gem, Ina Kuɗinsa Ke Kwana?

"Wai su wa ke yin gem ɗin nan ne?" Uba kan yi wannan tambaya cikin ɓacin rai idan an aiki yaro sayen magi ya ɓuge a shagon gem har magariba. Yaron ma yakan yi ta, amma shi cikin sha'awa, yana kallon Messi na cikin talabijin yana yanka da juyi kamar na gaske. Amsar da aka fi ji ba ta wuce biyu: ko a ce Turawa, ko a ce 'yan Chaina. Kowacce da ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai babu wadda ta isa.

A Araba, da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar a ƙaramar hukumar Illela, shagon gem bai bambanta da na sauran garuruwan Arewa ba. Benci ne da talabijin biyu ko uku, da na'urar PlayStation da ta sha jiki, da hannuwan bugawa waɗanda aka naɗe wayarsu da salatif, sai ƙaramin janareta yana kuka a waje ko faifan sola a kan rufi. Mutum biyu su zauna, wannan ya ɗauki Madrid, wancan Barcelona, wanda aka ci shi ke biya. A inuwar shagon kuma wasu samarin sun duƙufa kan waya suna harbe-harbe a Free Fire. Da za a bi asalin duk abin da ke cikin wannan ɗan fili, sai an taka ƙasa fiye da goma a nahiya huɗu.

Abu uku ne a haɗe

Mutanen wannan yanki, daga Gwadabawa har Galmi, ba a koya musu harkar albasa. Akwai mai nomawa a fadama, akwai mai buhu da mota, akwai dillalin da ke tsakanin mai kaya da mai saye a Legas ko Abijan. Duk albasar suke ci, amma ba gari ɗaya suke ba, kuma kowa ya san ba riba ɗaya suke kwasa ba.

Haka gem yake. Na farko akwai wasan kansa, wato zane da motsi da sauti da dokokin da aka rubuta a manhaja. Na biyu akwai na'urar da ake buga shi a kai, ko PlayStation ce, ko kwamfuta, ko waya. Na uku akwai ƙofar da yake bi ya iso hannun mai bugawa, da hanyar da kuɗi ke bi su koma. Kowane ɗaya da taswirarsa, kuma taswirorin ba sa hawa kan juna.

Harkar ba ƙarama ba ce. A 'yan shekarun nan mutanen duniya na kashe kimanin dalar Amurka biliyan 180 a shekara kan wasannin, abin da ya zarce kuɗin shiga gidajen silima da na sayar da waƙoƙi idan an haɗa su. Masu bugawa sun haura biliyan 3. Kusan rabin kuɗin daga waya yake fitowa, kuma ƙasashe biyu kacal, Amurka da Sin, su ke zuba kusan rabin jimlar.

Ƙwallon da ake haɗawa a ƙasar ƙanƙara

Babu wasan da ya kai na ƙwallo farin jini a shagunan ƙasar Hausa, don haka da shi ya dace a fara. Wanda har gobe ake kira FIFA mallakar kamfanin Electronic Arts ne, mai hedikwata a Redwood City ta jihar Kalifoniya. Amma ba can ake haɗa shi ba. Tun fitowarsa ta farko a 1993, babban ɗakin aikinsa yana kusa da birnin Vancouver na Kanada, ƙasar da aka fi sani da wasan kan ƙanƙara, ba tamaula ba. Wani kaso mai yawa na aikin kuma a Bucharest ake yin sa, babban birnin Romaniya, inda ake samun ƙwararrun masu rubuta manhaja a kan albashin da bai kai na Kanada ba.

Gudun ɗan wasa da faɗuwarsa da murnarsa idan ya ci, ba daga ka ake zana su ba. Ana sa wa 'yan ƙwallo na gaske matsattsun kaya masu ɗigo-ɗigo a gaɓoɓi, su yi gudu, su yi tsalle, su zame, kyamarori da yawa suna bin ɗigon, kwamfuta kuma ta mayar da wannan motsi ƙashin jikin ɗan wasan cikin gem. Fuska kuwa sai an bi ɗan wasa har kulob ɗinsa an zaunar da shi a tsakiyar da'irar kyamarori. Su ma lambobin da yara ke musu a kansu, wane ya fi wane gudu, wane ya fi ƙarfin shot, dubban masu sa ido ne a ƙasashe daban-daban ke aiko da bayanansu.

Bayan kuɗin aiki akwai kuɗin suna. Riga, tambari, sunan kulob, fuskar ɗan wasa, kowanne sai da lasisi daga gasa, ko kulob, ko ƙungiyar 'yan wasa ta FIFPRO. A watan Mayun 2022 kamfanin da hukumar FIFA suka sanar da rabuwa bayan kusan shekara 30, saboda ba su daidaita a kan farashin sunan ba, kuma daga Satumban 2023 wasan ya koma EA Sports FC. Abokin hamayyarsa, PES na kamfanin Konami da ke Tokyo, wanda ya koma eFootball a 2021, ya daɗe yana fama da rashin lasisi. Tsofaffin 'yan gem na tuna lokacin da Manchester United take Man Red, City kuma Man Blue.

A nan ne ake fara ganin inda ƙasar Hausa take a taswirar. Lokacin da Ahmed Musa ya koma Leicester a 2016, kowane yaro a Araba na iya ɗaukarsa ya ruga da shi ta gefe. Kano Pillars kuwa, inda ya fito kuma ya koma a 2021, ba ta taɓa shiga jerin kulob ɗin wasan ba. Ba ingancin ƙwallon kulob ake dubawa ba. Lissafin shi ne kwafi nawa za a sayar wa magoya bayansa.

Me ya sa garuruwa 'yan kaɗan?

Tun da manhaja ba ta da nauyi, ba ta ruɓewa a hanya kamar tumatir, mutum zai zaci ko'ina ana iya yin gem. A zahiri manyan wasanni daga tsirarun birane suke fitowa: Tokyo da Kyoto, Los Angeles da San Francisco da Seattle, Montreal da Vancouver, Seoul, Shenzhen da Shanghai, Stockholm da Helsinki, sai wasu garuruwa a Birtaniya da Faransa da Poland.

Wanda ya san Kannywood ba zai yi mamaki ba. Hausawa sun bazu daga Agadas zuwa Kumasi, amma tun Turmin Danya a 1990 harkar fim ta tare a Kano. Mai son ya yi fim yana buƙatar mai kyamara, mai tacewa, mawaƙi, jarumai da ɗan kasuwar da zai zuba kuɗi, kuma a titin Zoo zai same su cikin yini ɗaya. Idan wannan fim ya ƙare, mai kyamarar ya tsallaka ofis na gaba. Sana'ar da ke buƙatar hannu iri-iri takan taru a inda hannuwan suke, sababbin hannuwa kuma su bi ta can. Babban gem na zamani ya fi fim buƙatar wannan. Takardun da suka fito a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna The Last of Us Part II ya lashe kimanin dala miliyan 220, da ma'aikata wajen 200 na tsawon kusan shekara 6.

Abin tambaya shi ne yadda kowane gari ya fara. Wasu gado suka ci. Nintendo ta fara ne a Kyoto a 1889 tana buga katin karta, ta bi ta kayan wasan yara, har ta fitar da na'urar Famicom a 1983, shekarar da kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe bayan an cika ta da tarkacen wasanni. Ƙasar Nintendo, wadda ta riga ta ƙware a rediyo da talabijin da zanen barkwanci, ba ta sha wahalar cike gurbin ba, kuma Sony ta biyo da PlayStation a Disambar 1994. Finland ma gadon Nokia ta ci. Wasan maciji da aka fara sawa a wayar Nokia a 1997, wanda shi ne gem na farko da Hausawa da yawa suka taɓa bugawa, a can aka rubuta shi, kuma daga matasan da suka taso a inuwar kamfanin aka samu Angry Birds a 2009 da Clash of Clans a 2012.

Wasu kuma gwamnati ce ta sayo musu sana'ar da kuɗinta. A 1997 lardin Quebec na Kanada, wanda masana'antunsa na tufafi suka mutu kamar yadda masaƙun Kaduna da Kano suka yi, ya janyo kamfanin Ubisoft na Faransa da tallafi a kan kowane ma'aikaci. Daga baya aka mayar da abin rangwamen haraji da ya kai kashi 37.5 cikin 100 na albashi. Ubisoft ta buɗe ofis a wani tsohon ginin masana'antar tufafi a Montreal. A nan aka yi Assassin's Creed a 2007, ma'aikatan suka kai dubbai, wasu kamfanonin suka biyo sahu. Koriya ta Kudu kuma, bayan karyewar tattalin arzikin 1997, ta zuba kuɗi a intanet mai sauri. Waɗanda suka rasa aiki suka buɗe shagunan gem na kwamfuta a lungu da saƙo, kusan irin na Araba sai dai da wuta da intanet, kuma daga wannan ƙasa PUBG ya fito a 2017.

Labarin Sin ya fi ban mamaki. A 2000 gwamnati ta haramta sayar da na'urorin gem don kare tarbiyyar yara, ba ta janye haramcin gaba ɗaya ba sai 2015. Da aka toshe wa Sony da Nintendo hanya, kamfanonin gida suka mamaye kwamfuta da waya. Yau Tencent ta Shenzhen ta fi kowane kamfani a duniya samun kuɗin gem. Ita ta haɗa PUBG Mobile a 2018 da Call of Duty Mobile a 2019, ita ke da mafi yawan hannun jarin masu Clash of Clans. Wanda ya ce 'yan Chaina ne, idan waya yake nufi, bai yi nisa da gaskiya ba.

Kura da shan bugu

Sunan da ke jikin kwali ba ya faɗin wanda ya yi gumin. GTA San Andreas na 2004, wanda yaran Arewa suka haddace lungunansa fiye da na Sakkwato, unguwannin Kalifoniya yake kwaikwayo, amma a Edinburgh ta Sikotland aka ƙera shi, kamfanin da ke da shi kuma yana New York. Wannan ma tsakanin masu kuɗi ne. Ƙasa da su akwai wani rukuni da ba a cika jin labarinsa ba.

A babban wasa kowace mota, kowace bishiya, kowane takalmi da kwandon shara sai wani ya zauna ya zana shi ta kowace fuska. Irin wannan aiki mai cin lokaci ana ba da kwangilarsa ne ga kamfanonin da ke Shanghai, Chengdu, Ho Chi Minh, Kuala Lumpur, Bangalore da Pune. Akwai kuma masu gwaji, waɗanda aikinsu shi ne su yi ta buga wuri ɗaya sau ɗari suna neman inda wasan ke sarƙewa, kuma da yawansu suna Romaniya, Poland da Indiya. Ana biyan su kuɗin aiki sau ɗaya. Wasa ya yi kasuwa ko bai yi ba, rabonsu bai ƙaru ba, sunansu kuma sai can ƙarshen dogon jerin da babu mai karantawa.

Sakkwatawa sun san wannan ciniki tun kafin a ƙirƙiro lantarki. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema suka jeme a nan, ayari ya ƙetara da ita Sahara, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko, domin daga tashoshin can aka yi mata lodi. Mai kiwo da majemi sun samu nasu, amma suna da babbar riba sun tafi ga wanda ke riƙe da bakin kasuwa. Su ma ma'aikatan manyan biranen ba a kan gadon ƙarfe suke kwance ba: a 2023, sannan a 2024, an sallami sama da mutum 10,000 kowace shekara a masana'antar, bayan kasuwar da ta kumbura lokacin kullen korona ta sace.

Jikin na'urar

Taswira ta biyu ta fi ta farko ƙunci. Ƙwaƙwalwar PlayStation 5 kamfanin AMD na Kalifoniya ne ya tsara ta, amma TSMC na Taiwan ke ƙera ta, domin masana'antun da ke iya wannan aiki a duniya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Harhaɗawa kuma akasari a Sin ake yi, ko da yake Nintendo ta fara kai wani ɓangare Biyetnam a 2019. Shi ya sa da korona ta taɓa waɗannan masana'antu, PS5 da ta fito a Nuwamban 2020 ta yi kusan shekara biyu tana wahalar samu har a Landan da Tokyo. Wayoyin Tecno, Infinix da itel, waɗanda su ne ainihin na'urar gem ta talaka, na kamfanin Transsion ne na Shenzhen, kuma da yawansu ƙwaƙwalwar MediaTek ta Taiwan ke cikinsu.

Afirka na cikin wannan taswira ta bakinta biyu. A farko akwai ma'adinai. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya, wanda ke cikin batirin waya, daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa. Tantalam, da ake sawa a ƙananan sassan lantarki, Kwango da Ruwanda ne kan gaba, Najeriya ma tana cikin masu haƙo shi. A 2000, shekarar da PlayStation 2 ta fito, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi ana tsakiyar yaƙin Kwango, kuma masu bindiga sun ci moriyar hakan.

A ƙarshe kuma akwai gwanjo. Yawancin na'urorin da ke shagunan Arewa sun gama rayuwarsu ta farko a wani falo a Turai, Amurka ko Dubai kafin su sauka a kasuwar Alaba ta Legas, su hau mota zuwa Kano ko Sakkwato. PS2, wadda aka sayar da sama da miliyan 150, ta ci gaba da ciyar da masu shago shekaru bayan Sony ta daina ƙera ta. Garin iyaka kuma yana da ƙofa ta biyu, tsohuwar hanyar kayan Kwatano da ke ratsowa ta Nijar zuwa Ƙonni. Duk abin da ya taɓa iyaka sai ya taɓa farashi. An rufe ta a Agustan 2019, aka buɗe Illela a Disambar 2020 cikin iyakoki huɗu na farko. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Tsakanin Yunin 2023 da farkon 2024 naira ta faɗi daga wajen 460 a dala ɗaya zuwa sama da 1,500. Mai shagon da hannun gem ɗinsa ya lalace a lokacin ya san abin da ya biya.

Mai ƙofa

Taswira ta uku ita ce mafi ƙanƙanta, kuma ita ce mafi maiƙo. A wajen Sin, wasan waya kusan duk ta shago biyu yake bi, Play Store na Google da App Store na Apple, duka a Kalifoniya, tsakaninsu bai fi tafiyar minti 20 a mota ba. Na kwamfuta akasari ta Steam, kusa da Seattle. Na na'ura kuma ta shagunan Sony, Nintendo da Microsoft. Abin da aka saba shi ne mai ƙofa ya cire kashi 30 cikin 100 na duk abin da aka saya, ko da yake an rage wa ƙananan masu sana'a zuwa 15. Dillalin shanu a kasuwar Illela ta ranar Lahadi da zai ce la'adarsa kashi 30 ce, da ba zai kai azahar a kara ba. Masu Fortnite sun kai Apple da Google kotu a 2020 a kan wannan kaso.

Masu ƙofa da masu jari kuma suna ta haɗiye masu ƙerawa. Microsoft ta sayi Minecraft na Sweden a 2014 a kan dala biliyan 2.5, ta kammala sayen Activision Blizzard, masu Call of Duty da Candy Crush, a Oktoban 2023 a kan kusan biliyan 69. A Satumban 2025 aka sanar da cinikin Electronic Arts ɗin nan mai wasan ƙwallo a kan biliyan 55, kuma asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ne kan gaba a masu sayen.

Kasuwar da ba a ƙirga ba

To, daga kuɗin da ake kashewa a shagon Araba, nawa ke isa Vancouver ko Tokyo? Kusan babu. Na'urar gwanjo ce, Sony ta riga ta ci kuɗinta a hannun mai ita na farko. Wasannin kuma loda su ake yi a wurin masu turi, tare da fina-finai da waƙoƙi, ko a tura daga waya zuwa waya. Wanda ma ya so ya biya, hanya ta sha gagararsa: a 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira ke iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka dakatar gaba ɗaya na tsawon lokaci.

Wannan ba ya nufin gem kyauta ne a Araba. Ana biya sosai, sai dai kuɗin wani wuri suke tafiya: ga mai fetur, mai cajin waya, mai gyara, da kamfanin layi da ke sayar da data. Har ma akwai harajin nisa. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da wasannin intanet yawanci suna Turai, Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu. Idan yaro ya danna harbi, saƙon sai ya bi ta Sakkwato, sama da kilomita 80 kudu, ya gangara Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku, ya je ya dawo. Abokin karawarsa na Faransa ya riga shi da ƙiftawar ido, kuma a wasan harbi ƙiftawar ido ita ce rai. Free Fire, wanda wani ƙaramin kamfani a Biyetnam ya fara haɗawa, Garena ta Singafo ta fitar a 2017, ya samu karɓuwa ne saboda an yi shi don ƙaramar waya da raunin netwok: mutum 50, minti 10, an gama.

Sakamakon duk wannan shi ne a littafin lissafin kamfanoni, Afirka kudu da Sahara ba ta kai kashi 1 cikin 100 na kuɗin gem na duniya ba, alhali masu bugawa a cikinta sun haura miliyan ɗari. Kamfani kuwa aljihu yake ƙirgawa. Shi ya sa ake fassara manyan wasanni zuwa harshen Poland, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 40 ba, FIFA ta samu mai sharhi da Larabci tun 2011, amma Hausa, da masu jinta suka fi 'yan Poland yawa, babu ita a jerin harsunan.

Masu gwadawa a gida

Akwai masu yunƙuri. Leti Arts ta fara a Ghana da Kenya a 2009. Maliyo Games, wadda Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012, ta kai ga yin wasa tare da Disney a 2024. Cikin wasanninta akwai mai suna Aboki Run, wanda sunansa kaɗai ya isa ya nuna yadda Bahaushe ke fitowa idan daga nesa aka zana shi. A Yawunde, Kiro'o Games ta Olivier Madiba ta tara jari daga ƙananan masu saka hannu, ta yi fama da ɗaukewar wuta, ta fitar da Aurion a 2016. Carry1st ta Cape Town ta gane cewa matsalar biya ta fi ta ƙerawa, ta gina hanyar sayen kayan cikin gem da kuɗin gida, har Sony ta zuba mata jari a 2024. Akwai kuma darasi mai ɗaci: Ubisoft ta buɗe reshe a Kasablanka a 1998, ta rufe shi a 2016. Reshen kamfanin wani, ranar da lissafi ya juya, a jaka ake naɗe shi.

Misalin da ya fi kama da halin garin iyaka na Poland ne. Ɗaya daga cikin matasa biyun da suka kafa CD Projekt a Warsaw a 1994 ya fara ne da sayar da kwafin wasanni a kasuwa, wato mai turi ne. Suka koma shigo da na halal. Da suka ga ba za su iya karya farashin masu kwafi ba, sai suka fassara Baldur's Gate zuwa harshensu a 1999 da muryoyin fitattun jaruman ƙasar, mutane suka saya don jin harshensu. Da ribar suka yi The Witcher a 2007, daga littattafan wani marubucinsu, Andrzej Sapkowski, kuma kashi na uku ya sayar da sama da kwafi miliyan 50. Matakin farko na wannan tsani, wato fassara da sa murya, Kano ta riga ta iya shi: masu fassara fina-finan Indiya irin su Algaita sun nuna Bahaushe na neman abin da ke magana da harshensa. Kayan labari ma ba su yi ƙaranci ba. Ga dambe, ga dara, ga kokawar takobi da ake yi a Nijar tun 1975, wadda aka fara a Tawa, jihar da Ƙonni ke cikinta. Abin da ya rage shi ne wanda Montreal da Seoul suka samu: wuta tsayayya, intanet mai araha, makarantar da ke koyar da sana'ar, da mai kuɗin da zai jira shekara uku kafin ya ga riba.

Saura tambaya ɗaya da wannan babi ya tsallake. Free Fire ba a biyan ko kwabo kafin a sauke shi, amma kafin ƙarshen 2019 ya tara wa masu shi sama da dala biliyan 1. Babi na gaba zai bi diddigin wasan kyauta: yadda riga da bindigar da babu su a zahiri suka samu farashi a naira da sefa, da wanda ke biya idan yaro bai biya ba.